Tsawon da Na Nema a Ƙarfen Sirdi

Ba zan taɓa mantawa da makon da muka samu 'yancin kai ba, amma dalilina daban yake da na sauran jama'a. Tsarana in sun tuna makon nan, kiɗa suke tunawa da sabuwar tuta da shinkafar biki. Ni kuwa in na tuna sai kunya ta dawo mini sabuwa fil, don a makon ne na zauna daɓas cikin kwatar Wunti da farin kaftani, rabin Bauchi na kallo. Faɗuwar ma da sauƙi. Abin da bakina ya furta bayan an tsamo ni, shi ne har yau nake jin nauyinsa.

Bari in fara da gaskiyar da na daɗe ina gudu: ni gajere ne. Ba irin gajeren da ake ce wa matsakaici don a faranta masa rai ba, gajere na sosai. A lokacin ina ƙaramin akawu a wani ofishin En'e, ban daɗe da aure ba, kuma in na zauna a kujerar ofis sai da dabara ƙafafuna suke taɓa ƙasa. (Akwai wani tsohon kundi da nake turawa ƙarƙashin tebur in ɗora su a kai. Ina tsammanin ba wanda ya sani, ashe har masinja ya sani.) Abin taƙamata a duniya ɗaya ne, sabon keke baƙi wul, mai ƙararrawa da fitila da kariya a baya.

Ana saura mako guda biki, babban akawunmu Malam Sale ya tara mu. Ya ce ma'aikatan ofis za su yi jerin gwanon kekuna, a tashi daga ofis, a ratsa ta Wunti, a ƙare a filin taro, kuma wanda ya shige gaba shi zai ɗauki sabuwar tuta, a ɗaura sandarta a kan kekensa. Ya leƙa gindin mangwaro inda muke jingine kekuna. Yawancinsu sun sha faci sun sha duniya, nawa ne kaɗai ke ƙyalli. Ya nuna ni ya ce ni zan shige gaba. Ina cikin jin daɗi, sai Yakubu mai buga tafireta, wani dogo da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, to a sanar da jama'a akwai mutum a bayan tutar, kada su zaci keken ne ke tafiya shi kaɗai."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa, don kada a ga abin ya ba ni haushi. Nan take na ƙudurta cewa ranar bikin sai na fi Yakubu tsawo, ko da a kan keke ne.

Da aka tashi aiki na nufi rumfar Kofur Bulus. Dattijo ne mutumin wajen Bogoro, ya yi soja zamanin yaƙin duniya, can ya ƙware a gyaran keke, da ya dawo ya kafa rumfar zana kusa da Ƙofar Wunti a tsakanin teloli. Ban taɓa ganin mai sana'a irinsa ba. Sufanunsa a jere suke kan buhu daga ƙarami zuwa babba, in ya ɗauki ɗaya ya gama da shi sai ya goge ya mayar inda yake. Ba ya taɓa keke sai ya ga mai shi a kai. Limamai da fastoci da malaman makaranta da manoman Inkil masu kawo kaya kasuwa, duk wurinsa suke zuwa, har kekunan ofishinmu can ake kaiwa. A garin nan ba a taɓa jin keken da ya fito daga hannunsa ya kunyata mai shi ba. Ba shi da kanti ba shi da gona, wannan kyakkyawan sunan shi ne duk abin da ya mallaka.

Na gaishe shi, na ce, "Baba Kofur, so nake a ɗaga mini sirdi. A ɗaga sosai."

"Hau tukun, Malam akawu. Je ka wajen bishiyan can ka dawo, in gani."

Na je na dawo yana kallona, hannunsa a goye a baya. Ya ce in sauka. Ya kwance noti, ya zaro ƙarfen sirdi, wato bututun nan da ake zurawa cikin jikin keke sirdin ya zauna a kansa. Ya mirgina shi a kan wani katako, sai ga shi yana tafiya yana ɗingishi.

"Wa ya taɓa wannan?"

Na ce ni ne na ɗan ɗaga shi kwanakin baya. Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya wanke hula da ruwan miya. Ya ce ƙarfen ya karkace, sai an sake wani. Ya shiga ciki ya fito da guda uku ya jera a gabana.

Idona bai tsaya ko'ina ba sai kan wani dogo, fari fat, yana walƙiya har ina ganin fuskata a jikinsa. Na nuna shi. Kofur ya ɗalle shi da farce, ya ce in saurara. Ƙarar siririya ce kamar ta gwangwani. Ya zura shi cikin kekena ya girgiza, sai ya riƙa ƙwal-ƙwal a ciki.

"Wannan ba na keke naka ba ne. Ramin ya fi shi faɗi. Kuma jikinsa ba kauri."

Na biyun yana da lanƙwasa a wuya, yana tura sirdi can baya. Ya ce na dogaye ne masu dogon cinya, ya ajiye shi gefe ba tare da ya dube ni ba (na gode masa a zuciya). Na ukun ba kyan gani, launinsa kamar na tsohuwar tukunya, ga nauyi. Ya shafa masa mai ya zura, ya shige sumul, ya girgiza bai motsa ba. Ya ce wannan ne nawa.

Daga nan ya shiga aikin da har yau in na tuna nake jinjina masa. Ya riƙe keken ya ce in hau in ɗora diddigena a kan feda, ya juya ta ta sauka ƙasa. Ya ɗaga sirdin kaɗan, ya sake dubawa, ya rage kaɗan, har ƙafata ta miƙe sak ba tare da ƙuguna ya karkata ba. Sa'an nan ya ɗauko wani zare da ya ɗaure wa noti a baki, ya riƙe a gwiwata, notin ya yi lilo ya tsaya. Bai tsaya inda yake so ba, sai ya matsar da sirdin gaba da faɗin yatsa ɗaya, ya sake aunawa, notin ya sauka daidai tsakiyar feda. Ya kife sirdin ya nuna mini siraran ƙarafan da ke ƙarƙashin fatar, waɗanda suka miƙe daga hanci suka lanƙwashe can baya wajen sifirin. Ya ɗauki maɗaurin da ke cafke su a kan ƙarfen sirdi, ya goge kaifin bakinsa da magagari, wai don kada ya cije su.

"Duba nan, ɗana. Maɗauri a tsakiya yake zama, inda ƙarfe ya miƙe. In ka kai shi wajen lanƙwasa, wurin ya riga ya wahala tun a maƙera, zai karye. Kuma ba a matse shi da fushi. Ƙarfen sirdi kuma, yatsa huɗu a ciki, ko fiye. Ƙasa da haka ba keke kake hawa ba, addu'a kake hawa."

Da ya gama na ja da baya na duba. Duk aunawar nan da zare da noti, yatsa biyu kacal sirdina ya ƙaru. Na ce, "Baba, ni fa zan ɗauki tuta. A ƙara ko da taƙi ɗaya ne."

"Ƙafa naka ne ya ce nan, ba ni ba."

Na roƙa, na kawo maganar Yakubu, na kawo maganar 'yancin kai, har na ce yanzu ƙasa tamu ce kowa na da ikon hawa yadda ya ga dama. Ya saurare ni tsaf, ya ce duk ya ji, amma shi hannunsa ba zai ɗaura abin da zai kayar da mutum ba. Na hau na tafi. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin keken nan kamar a hanyar gida ran nan ba, tafiya yake kamar an yi shi don ni. Sai dai ni ba daɗi na je nema ba.

Washegari na shiga kasuwa wurin wani mai kayan keke. Na ga ɗan'uwan farin ƙarfen nan a rataye. Mutumin bai tambaye ni irin kekena ba, bai ce in hau ya gani ba, cewa kawai ya yi da ganina an ga mai ido. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Na ce masa an ce zai yi rawa a ciki, ya ce ai wannan ba komai ba ne, a naɗa masa gwangwani ya cike.

Bayan la'asar na kife keken a tsakar gida. Matata Asabe tana tankaɗe a ƙofar ɗaki tana kallona. Na ce ta ba ni gwangwanin madara, ta kawo. Na yanke shi da almakashinta (wannan ma wata shari'a ce daban), na naɗe farin ƙarfen, na cusa. Na ja shi sama, na ƙara ja, har abin da ya rage a ciki bai wuce yatsa biyu ba. Da na tuna sandar tuta za ta tsaya a gabana ta kare ni, sai na tura sirdin baya iyakar turawa don a riƙa hango ni daga gefe, maɗaurin ya hau daidai kan lanƙwasar da aka ce kada a kai shi. Ya ƙi zama, na aro sufana a maƙwabta, na zura mata guntun bututu don ƙarin ƙarfi, na matse har na ji ƙarfen yana kuka. Duk abin da Kofur ya ce kada a yi, na bi shi ɗaya bayan ɗaya na yi, ban tsallake ko guda ba.

Asabe ta ajiye rariya ta ce, "Malam, wannan kai za ka hau, ko raƙumi aka saya mana?"

Na ce mata aikin maza ne, ba za ta gane ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tankaɗenta.

Hawan kansa ya zama aiki. Sai na jingina keken da dakalin ƙofar gida, na hau dakalin, sa'an nan na haura sirdi. In feda ta sauka ƙasa, da kan babban yatsa nake bin ta, ƙuguna yana zuwa dama yana zuwa hagu. Hannuwana kuwa sun miƙe har kafaɗa tana zafi, don na yi nesa da kan keken. Amma da na wuce ta gaban tagar gilashin wani kanti na ga kaina can sama, sai na manta da duk wannan. Sauran kwanakin ina zagaye ta Fadaman Mada in zan je ofis, don kada in bi ta gaban rumfar Kofur.

Ranar biki gari ya waye fes, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Na sa farin kaftani da wando da jar dara. Aka ɗaura sandar tuta a kan kekena, kore da fari da kore tana kaɗawa. Na hau ta kan matakalar ofis kamar dai da gangan na yi. Malam Sale ya dubi sirdin ya dube ni, ya ce, "Anya?" Na ce lafiya lau, ranka ya daɗe. Yakubu yana bayana, na waiga, a karon farko a rayuwata na ga tsakiyar hularsa. Wallahi na ji daɗi.

Muka ɗauki hanya muna kaɗa ƙararrawa. Jama'a sun cika gefen titi, mata na guɗa, 'yan makaranta na ɗaga ƙananan tutoci. Duk wanda na haɗa ido da shi sai in ɗan gyaɗa kai kamar ni na karɓo 'yancin da hannuna. Tun wajen kasuwa na fara jin wani ɗan ƙara a ƙarƙashina, ƙis, ƙis, duk sanda ƙuguna ya karkata. Na ƙara kaɗa ƙararrawa don kada in ji.

Da muka iso Wunti na hango Kofur Bulus a bakin rumfarsa. Ya sa tsohon kakinsa na soja, an goge shi tas, ya ƙame, ya sara wa tuta. Idonsa ya sauko daga tutar ya sauka kan sirdina, na ga hannun da ke goshinsa ya fara sauka a hankali. Na kau da kai. Kau da kan nan shi ya sa ban ga ramin da ruwa ya zaizaye a tsakiyar hanya ba.

Tayar gaba ta faɗa ta fita. Ta baya ta faɗa, sai na ji ƙas. Ɗaya daga cikin ƙarafan sirdin ya karye daidai bakin maɗauri, sirdin ya ɗaga hanci sama, na sulale baya na dira kan kariya. Guntun ƙarfen ya kama wandona ya tsarge shi tun daga sama har gwiwa, da wata ƙara da har yau nake rantsuwa ta fi gangunan biki ƙarfi. Ga ni zaune a kariya kamar buhun gero, ƙafafuna na neman feda a iska, yatsuna da ƙyar suke riƙe da kan keke, birki ya yi mini nisa. Keken ya zaɓi hanyarsa, ya nufi kwatar da ke gaban teloli, tuta ta fara sunkuyawa.

Ban san dattijo yana da gudu haka ba. Taku uku Kofur ya yi ya iso. Abu biyu ne ke faɗuwa a gabansa, ni da tuta, hannunsa kuma ba zai iya tare duka ba. Ya zaɓi tuta. Ya cafke sandar ya fizge ta daga igiyar, ya ɗaga ta sama, ko gefenta bai taɓa ƙasa ba. Ni kuwa na ƙarasa tafiyata. (Na daɗe ina tunanin zaɓin nan nasa, kuma ko ni ne abin da zan yi ke nan.)

Aka tsamo ni, farin kaftani ya koma kalar kunun kanwa, dara ta bi ruwa. Jerin gwano ya tsaya cak, guɗa ta koma dariya. Yakubu ma bai iya tsayuwa ba, ya kifa kai a kan kekensa kafaɗunsa na rawa. Malam Sale ya sauko fuskarsa a murtuke.

"Wane ne ya ɗaura maka sirdin nan haka?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ido ya yi mini yawa, hannuna ɗaya yana riƙe da wando ta baya. Sai na ji bakina ya ce, "Wurin Kofur na kai shi, ranka ya daɗe."

Ka ga irin ƙaryar akawu, ba kalma ɗaya a ciki da za a kama ni da ita. Na kai shi ɗin kuwa. Amma kowa ya ji abin da nake so ya ji. Dariya ta ɗauke, kawuna suka juya wajen dattijon da ke tsaye riƙe da tuta. Wani tela ya ce a hankali, "Ashe Kofur ma tsufa ya fara kama shi."

Kofur ya miƙa wa Malam Sale tutar. Ya jawo kekena daga kwata, ya dubi farin ƙarfen, ya dubi bakin gwangwanin madarar da ya leƙo waje har ana ganin rubutun jikinsa. Na rufe ido ina jiran a yanka ni. Sai ya ɗora tafinsa a wurin ya rufe, ya tura keken cikin rumfa ya yafa masa buhu. Ya fito da nasa tsohon keken, ya sauke sirdin ba tare da ya auna ni ba, don ya riga ya san awon, ya karɓi tutar ya ɗaura ta da kyau. Ya karɓo zane wurin telan nan ya ce in ɗaura a ƙarƙashin kaftani.

"Ku tafi, za ku makara. Zan duba abin da ya faru."

Haka na shiga filin taro a gaban jerin gwano, jiƙe, da zane, a kan keken mutumin da na gama shafa wa baƙi. Keken kuwa tafiya yake kamar ruwa, wannan ya ƙara mini ciwo.

Magana ba ta kwana a Bauchi. Kafin a gama biki labari ya zaga cewa aikin Kofur ya kayar da mai tuta. Da aka koma aiki na ji Malam Sale yana gaya wa masinja daga yau a daina kai kekunan ofis Wunti, a nemi wani a kasuwa. Na yi kamar ina rubutu. Da yamma na leƙa daga nesa, rumfar da kullum ake layi a gabanta keke biyu kawai na gani, Kofur na zaune yana goge sufanun da ba su yi datti ba. Kwana uku ina tura abinci gefe. A na ukun Asabe ta zo ɗaukar kwano ta tsaya a kaina.

"Malam, ni na ba ka gwangwanin nan da hannuna. Mata suna tambayata a rijiya, ina cewa ban sani ba. Ka sa ni ma na fara ƙarya, kuma ban iya ba."

Ta ɗauki kwano ta fita. Da safe na shiga ofishin Malam Sale na rufe ƙofa, na faɗa masa komai da ƙaramar murya, ina fata abin ya ƙare a nan. Ya saurara har na gama, ya cire tabarau ya ajiye.

"Ka kyauta da ka faɗa. Amma ba a ɗakin nan ka yi maganar ba, a Wunti ka yi ta. Tashi mu je."

Ya kira Yakubu wai ya zama shaida. Muka tafi a ƙasa, ina tsakiyarsu, ban taɓa jin gajartata kamar ran nan ba. Da muka isa Malam Sale ya yi sallama da ƙarfi, ya ce wa teloli su ɗan dakata da ɗinki akawunsa yana da jawabi. Suka dakata kuwa, har da masu wucewa. Na tsaya a bakin kwatar nan dai, na cire hula, na faɗi yadda Kofur ya auna ni, da yadda ya hana ni, da kasuwa, da gwangwani, da sufana mai bututu. Da na zo wajen dakalin da nake hawa kafin in hau keke, telan da ya ba ni zane ya faɗo daga kujerarsa don dariya. Faɗawa kwata a gaban rabin gari bai kai wannan zafi ba, don ran nan tsautsayi ne ya jefa ni, yau kuwa da bakina nake tuɓe kaina.

Kofur bai yi dariya ba. Ya shiga ya yaye buhun, ya turo keken yadda yake tun ranar, ko laka bai wanke ba. Ashe ba wanda ya nuna wa. Ya kife sirdin ya kira Malam Sale ya gwada masa inda maɗauri ya ciji ƙarfen a kan lanƙwasa, da yadda karayar ta fara kaɗan-kaɗan kafin ta ƙarasa, yana bayani a natse kamar keken wani baƙo ne. Malam Sale ya ba shi haƙuri a gaban kowa, ya ce gobe kekunan ofis za su dawo. Kofur ya ce Allah ya kai mu. Ya juyo gare ni ya ce in kawo ƙarfen da ya sa mini tun farko, zai nemo wani sirdin, wannan ya gama aiki.

Da jama'a suka watse na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Baba, ka ga gwangwanin nan tun ranar. Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"Kana ɗauke da tuta, ɗana. Ka riga ka faɗi sau ɗaya. In na ƙara kayar da kai, wa zai kai shi fili?"

Na ce to ai ya san zan dawo in faɗi gaskiya, ko? Ina so ya ce e, ya ce ya ga alamar kirki a tare da ni. Ya ɗauki sufana ya duba bakinta, ya mayar.

"Ban sani ba. Jira dai nake yi."

Maganar nan ta fi duk dariyar Wunti shiga jikina. Kwana uku mutumin nan yana zaune sunansa na lalacewa, hujja tana ƙarƙashin buhu taku biyu daga inda yake, bai ɗaga ba, kuma ba don ya tabbata da ni ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. In mai sana'a ya auna ka ya ce nan ne daidai da kai, to nan ɗin ne, ko da Yakubu na bayanka. In kuma ka ƙi ji ka faɗa kwata, ka fito da lakarka kai kaɗai, kada ka nemi rigar wani ka goge. Na yi shekaru ina hawan keken nan a inda ƙafata ta ce, ban ƙara ko rabin yatsa ba, kuma ban ga wanda ya fasa gaishe ni saboda haka ba.